Abdallah ag Oumbadougou: Makaɗi kuma Malami a Garuruwan Uraniyom

Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta game da Arlit da Anu Araren tarihin kamfanoni ne. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da uraniyom a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1974. SONICHAR kuwa, wadda aka kafa a 1975, ta shiga haƙar kwal a Anu Araren, kusa da Cirozerin, don bai wa ma'adinan wutar lantarki. A wannan ƴar maƙala muna so mu duba ɓangaren da waɗannan shekaru ba su nuna ba, ta hanyar rayuwar mutum guda, Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a watan Janairu na 2020.

1. Zamanin ishumar

An haifi Abdallah wajajen 1962 a jihar Agadas. Ya tashi cikin al'ummar da farin 1973-1974 da na 1984-1985 suka ƙarar wa dabbobi. Ma'adinan ba su iya ɗaukar duk masu neman aiki ba, balle da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980. Saboda haka samarin Abzinawa da dama suka nufi Aljeriya da Libiya. Su ake kira ishumar, kalmar da ta samo asali daga chômeur ta Faransanci, wato marar aikin yi. Abdallah yana cikinsu, kuma a 1987 ya kafa ƙungiyar kiɗa ta Takrist n'Akal.

Bayan abin da ya auku a Cintabaraden a watan Mayu na 1990, tawaye ya ɓarke a arewa. Waƙoƙinsa na Tamashek suka riƙa yawo a kaset, ana kwafa hannu da hannu, duk da haramcin hukuma.

2. Daga daji zuwa aji

An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai ranar 24 ga Afrilu 1995. A shekarar ce ya ɗauki faifansa Anou Malane a Kwatano. A ganinmu, aikinsa mafi muhimmanci ya zo ne bayan haka: ya buɗe makarantar kiɗa a Arlit a 2000, sannan wata a Agadas a 2003.

Zaɓen Arlit yana da ma'ana. Gari ne mai fuska biyu: unguwannin ma'aikata masu ruwa da wuta, da kuma unguwannin bukkoki inda makiyayan da suka rasa garke suka zauna. Yaron da ya tashi a bukka yana ganin arzikin ƙasarsa yana wucewa a manyan motoci zuwa kudu.

A al'adar Abzinawa, mata ne ke kaɗa imzad da tende, kuma a gida ake koyo, daga babba zuwa ƙarami. Ita gita a gudun hijira aka koye ta, tsakanin abokai. Makarantar Abdallah ta buɗe hanya ta uku: ta mayar da abin da hukuma ke ɗauka makamin tawaye sana'ar da ake koyarwa a fili. Aikin Desert Rebel na 2006, da ya yi da makaɗa daga Faransa, ya kai sunansa Turai.

Kammalawa

COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021. Kamfanoni sun bar takardu da alƙaluma, amma tarihin malami irin wannan yana bakin ɗalibansa da iyalinsa, yana kuma cikin tsofaffin kaset da zafi da ƙura ke cinyewa. Muna kira ga ɗaliban bincike su je Arlit da Agadas su tattara waɗannan shaidu tun masu su suna raye.