Daga Allurar Faifai zuwa NVMe: Yadda Linux Ya Koyi Jera Buƙatu

Faifan kwamfuta mai juyawa ƙarfe ne, kuma ƙarfe yana da nauyin jiki. Wanda ke juyi 7,200 a minti sai ya ci fiye da milisakan 8 kafin ya zagayo sau ɗaya, allurar da ke karanta bayanai kuma sai ta yi tattaki daga wannan layi zuwa wancan. In buƙatun karatu da rubutu a warwatse suke, da ƙyar ya biya ɗari da 'yan kai a sakan guda. In a jere suke kuwa, sai ya yi ta kwaso bayanai babu ƙaƙƙautawa. Wannan tazara ce ta sa marubutan kanel, wato zuciyar Linux, suka ɗauki shekaru suna gardama kan buƙatar da ta cancanci shiga gaba.

Dabarar farko irin ta ɗan garuwa ce: ba ya bin wanda ya riga kira, layi yake bi gida-gida har ya kai ƙarshe, sannan ya juyo. Haka Linux 2.4 na 2001 yake yi, yana kuma haɗe buƙatun da ke maƙwabtaka su zama guda. Aiki ya yi auki, amma buƙatar da ke can nesa tana iya shan dogon jira. A 2002 Jens Axboe ya kawo Deadline, ya yanka wa kowace buƙata wa'adi: milisakan 500 ga karatu, sakan 5 ga rubutu. An fifita karatu ne domin manhaja takan tsaya cik har sai an kawo mata abin da ta nema, shi kuwa rubutu yana iya zama a ƙwaƙwalwa a kai shi daga baya.

Babin da ya fi burge ni ya fito ne daga Jami'ar Rice a Amurka. A 2001 Sitaram Iyer da Peter Druschel suka lura cewa manhaja mai karanta fayil ba ta aiko da buƙata ta biyu sai ta karɓi amsar ta farko. A ɗan tsakanin nan kanel sai ya zaci ta gama, ya tura allura can wani gefen don wani aikin, sai ga buƙatarta ta iso, dab da inda aka baro. Tafiya biyu ke nan a banza. Shawararsu, a ji na farko, kamar ta rago: a bar faifai ya zauna haka nan na ɗan lokaci, ko da akwai masu jira. Nick Piggin ya rubuta wa Linux wannan dabara da jiran kusan milisakan 6, ita ce kuma zaɓin asali a 2.6.0 na Disamban 2003. Asarar milisakan shida ta fi sauƙi a kan kaiwa da komowar allura.

CFQ, shi ma na Axboe, ya karɓi ragama a 2.6.18 cikin 2006, yana raba wa manhajoji lokacin faifai bi da bi, bai kuma yar da dabarar jira ba.

Sai SSD ya zo, babu allura, babu juyi. Jiran da ya kasance riba ya koma hasara, masu kula da sabobi suka riƙa komawa noop, wanda kusan ba ya jera komai. NVMe, hanyar haɗa SSD da kwamfuta da ƙa'idarsa ta fito a 2011, ya yarda da layuka har 65,535, alhali kanel yana da layi ɗaya tak ga kowane faifai, da makulli guda da duk masarrafan kwamfutar ke kokawa a kansa. Cikas ɗin ya bar faifai ya dawo cikin kanel. Shi ya sa blk-mq ya shigo a 3.13 cikin 2014, ya ba kowace masarrafa layinta. A 2017 aka sami masu jera buƙatu da ke aiki da blk-mq: mq-deadline, da BFQ na Paolo Valente, da Kyber na Omar Sandoval. A Maris 2019 Linux 5.0 ya cire CFQ da sauran tsofaffin baki ɗaya.

Yau yawancin faifan NVMe suna aiki ne da zaɓin none, wato babu mai jera buƙatu. Faifai mai juyawa kuwa bai mutu ba, shi ne ke riƙe da tulin bayanan manyan cibiyoyi saboda arha, kuma a kansa mq-deadline da BFQ ke da abin yi. Wanda ya ci karo da tsohuwar shawarar cewa ya koma CFQ, in ya leƙa /sys/block/sda/queue/scheduler a kanel na yanzu, ba zai ma tarar da sunan ba.