Lamba da Saiti: Abin da Lambar Bindigar Lee-Enfield Ke Iya Shaidawa

A tsakanin masu tara tsofaffin bindigogin soja, musamman a Ingila da Kanada da Amurka, akwai fahimtar da ta yi jijiya, wai bindigar da lambobin sassanta suka dace da juna ita ce mai kyakkyawan saiti. Wannan maƙala za ta auna fahimtar da bindigar Lee-Enfield No. 4, wadda sojan Birtaniya suka fara aiki da ita a 1941. Daga danginta ne bindigogin da sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a Yaƙin Bama, don haka tarihinta ya shafe mu.

Aikin lamba na farko shi ne bayyana asali. Masana'antu biyar ne suka ƙera bindigar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Ingila, bayan harafin farko, lambar Maltby kan fara da 1, ta Fazakerley da 2, ta BSA Shirley kuma da 3. Kanada ta sa harafin L a cikin lambobin Long Branch, kamfanin Savage na Amurka ya sa C. Wannan taska ce ga masanin tarihi, domin da ita yake gane inda aka yi bindiga, ya kuma kintaci lokacin.

Aiki na biyu ya shafi sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi. Ana buga lambar jikin bindiga a hannun sakatar, saboda an daidaita su tare ne. Kan sakatar ma girma huɗu ne, daga 0 zuwa 3, kuma maƙeri yakan zaɓi wanda zai rage ratar da ke bayan harsashi. A nan masu ra'ayin lamba suna da hujja, domin baƙuwar sakatar da ba a auna ba tana iya jawo haɗari. Sai dai bayan yaƙi an yi wa dubban bindigogi garambawul, aka buga musu alamar FTR, aka sauya sassa, aka sake rubuta lambobi su dace. Ashe dacewar lamba ba ta tabbatar da cewa sassan tare suka fito.

Saiti kuwa yana wuraren da lamba ba ta kaiwa. Zafin albarushin kodayit yana cinye farkon bututu. Gishirin da hular harsashin zamanin ke bari yana haifar da tsatsa, shi ya sa ake koya wa soja ɗura tafasasshen ruwa a bututun bayan harbi. Katakon da bututun ke kwance a kai yana kumbura da damina, ya motse da rani, matsinsa ya sauya, harsashi ya kauce. Kumburin katakon yana shafar jan kunama ma, shi ya sa a 1949 aka fito da samfurin Mk 2, aka mai da kunama jikin ƙarfen bindiga.

Hujja mafi ƙarfi ita ce yadda sojan da kansu suka yi zaɓe. Da suka buƙaci bindigogin gwanayen harbi, sai suka ware waɗanda suka fi tara harsashi wuri guda a gwajin masana'anta, aka buga musu TR. Daga 1942 kamfanin Holland & Holland ya riƙa ɗora musu madubin hangen nesa No. 32. Bindigogi biyu na iya bin juna a lamba, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya, domin kama da wane ba ta wane.

Wajibi ne, ke nan, a raba darajar tarihi da ingancin harbi. Masani ya karanta lamba don sanin asali, ya kuma kiyaye ta daga masu gogewa da sake bugawa don neman riba, domin wannan ɓarnatar da shaidar tarihi ne. Hukunci a kan saiti kuwa sai bayan an leƙa bututu, an duba katako, an auna sakata, an kuma harba a filin gwaji.