Alois Alzheimer da Tarihin Binciken Cutar Mantuwa

Alois Alzheimer likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan ƙasar Jamus. An haife shi a garin Marktbreit a 1864, ya rasu a Breslau a Disamban 1915 yana da shekara 51. Sunansa aka laƙaba wa cutar da ta fi kowace jawo wa tsofaffi mantuwa, shi ya sa ake ɗaukarsa wanda ya gano ta. Amma abin da ya fi ɗorewa daga aikinsa shi ne salon bincikensa: a zauna da majinyaci, a rubuta duk abin da ya faɗa da wanda ya aikata, bayan ya rasu kuma a nemi bayanin wannan hali a cikin naman ƙwaƙwalwarsa.

A 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt, inda ya haɗu da Franz Nissl, gwanin rina yankin ƙwaƙwalwa don a gan shi a madubin likita. A Nuwamban 1901 aka kawo wata mata, Auguste Deter, 'yar shekara 51. Ta fara ne da zargin mijinta ba gaira ba dalili, daga nan ta riƙa ɓacewa a cikin gidanta. A asibiti takan ja zannuwan gadonta tana yawo da su, takan kuma yi ta ihu. In aka ce ta rubuta sunanta, kafin ta kai ƙarshe ta manta abin da take rubutawa. Alzheimer ya rubuta tambayoyinsa da amsoshinta dalla-dalla. Ya koma Munich wurin Emil Kraepelin a 1903, amma bai bar bibiyar halin da take ciki ba. Da ta rasu a Afrilun 1906 aka aika masa da ƙwaƙwalwarta. Ya yi amfani da rinin azurfa na Bielschowsky, ya ga ƙwaƙwalwar ta tsumure, wani abu ya taru dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, a cikin ƙwayoyin kuma ga wasu zaruruwa sun cukurkuɗe. Ya gabatar da wannan a taron likitoci a Tübingen a Nuwamban 1906, ko mutum ɗaya bai yi masa tambaya ba.

Masu ganin an zuzuta Alzheimer suna da hujja mai ƙarfi. A 1907, shekarar da ya buga ɗan gajeren rahotonsa kan mace ɗaya tak, Oskar Fischer na Prague ya bayyana irin waɗannan dunƙule-dunƙule a ƙwaƙwalwar tsofaffi 12. Sunan cutar ma Kraepelin ne ya raɗa shi a littafinsa na 1910, alhali shi Alzheimer, a rubutunsa na 1911, bai sakankance cewa cuta ce dabam da ruɗewar tsufa ba. Lallai an tauye wa Fischer haƙƙi, bawan Allah da ya mutu a tsare a hannun 'yan Nazi a Theresienstadt a 1942. Duk da haka shekarun Auguste sun sa rahoton Alzheimer ya yi abin da na Fischer bai yi ba. Tsoho ɗan tamanin in ya ruɗe, sai a ce gigin tsufa ne, a rufe magana. Mace 'yar hamsin kuwa ba wanda zai ɗora wa tsufa laifin halinta, tilas a kira abin ciwo, ciwo kuwa ana neman sanadinsa. Sai dai rabewar da Kraepelin ya yi tsakanin cutar da ruɗewar tsufa ta jawo hasara, domin kusan shekara sittin ana ɗaukar cutar a matsayin wata baƙuwar larura ta masu matsakaicin shekaru, tsofaffi kuma aka bar su ba mai bincika lamarinsu.

Tasirin Alzheimer ya fi fitowa ta hannun waɗanda suka zauna a ɗakin bincikensa na Munich. Cikinsu akwai Gaetano Perusini ɗan Italiya, da Friedrich Lewy wanda wani nau'in cutar mantuwa ke ɗauke da sunansa yau, da Solomon Carter Fuller haifaffen Laberiya, wanda a 1912 ya tattara bayanan cutar da Turanci ga likitocin Amurka. A 1968 Blessed da Tomlinson da Roth suka nuna a Newcastle ta Ingila cewa yawan dunƙule-dunƙulen na tafiya tare da tsananin ruɗewar tsofaffi, wato dai da salon Alzheimer aka rushe katangar da Kraepelin ya gina. A 1976 Robert Katzman ya kafa hujja cewa cutar da ruɗewar tsufa abu ɗaya ne, kuma cutar tana cikin manyan masu kisa. A 1984 Glenner da Wong suka tantance sinadarin amiloid da ke cikin dunƙule-dunƙulen.

A 1995 aka gano fayil ɗin Auguste Deter a Frankfurt, da rubutun hannun Alzheimer a ciki. Ba da jimawa ba aka samo yankunan ƙwaƙwalwarta a Munich, masana suka sake duba su, suka tarar da abin da Alzheimer ya bayyana a 1906.