Inji da Ɗan Dako: Yarjejeniyar 1960 a Gaɓar Yammacin Amurka

Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu duba yadda masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suke kallon shigowar injuna wuraren aiki. Mun ɗauki misali guda daga tarihin 'yan dakon tashoshin jiragen ruwa na Amurka, domin mu nuna cewa tushen gardamar shi ne wanda zai ci ribar inji da wanda zai ɗauki asararsa.

Tushen Al'amarin

Bayan babban yajin aikin 1934, 'yan dakon gaɓar yamma suka sami ƙarfin kafa ƙa'idojin aiki. Daga ciki akwai wadda ta hana a ɗaga kayan da suka wuce laba 2,100 a ɗauri guda, da waɗanda suka ƙayyade yawan mutanen da za a sa a kowane rukuni. A wurin ma'aikata waɗannan ƙa'idoji garkuwa ne ga lafiya da abinci. A wurin masu jirage kuwa, ɓata lokaci ne da kuɗi, don jirgin da ke tsaye a tasha ba ya kawo riba.

A shekarar 1956 Malcom McLean ya tura jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston ɗauke da kwantena 58. Bayan shekara biyu kamfanin Matson ya soma irin wannan sufuri a tekun Pasifik. Kayan da a dā ake sauke su buhu-buhu, sai ga ƙugiya tana ɗauke su a akwati ɗaya.

Yarjejeniyar

Shugaban ƙungiyar 'yan dako ta ILWU, wato Harry Bridges, ya lura cewa in kiɗa ya sake, dole rawa ta sake. A ganinsa, da a yi ta kare tsofaffin ƙa'idoji har su zube a banza, gara a sayar da su tun suna da daraja. Saboda haka a watan Oktoba na 1960 ƙungiyar ta ƙulla yarjejeniya da haɗakar masu jirage ta PMA. Kamfanoni suka sami 'yancin kawo injuna da rage hannuwa. Su kuma suka ɗauki nauyin zuba dala miliyan 5 kowace shekara har shekara biyar da rabi cikin wani asusu, domin lamunce albashi da sallamar dattawan da suka yi ritaya. An kuma yi alkawarin ba za a kori ma'aikaci mai cikakkiyar rajista saboda inji ba.

Abin da Ya Biyo Baya

An sabunta yarjejeniyar a 1966. Amma kwantena ta bunƙasa fiye da yadda aka yi zato, ribar kamfanoni ta zarce abin da suka biya nesa ba kusa ba. Ma'aikatan da ba su da cikakkiyar rajista ba su shiga cikin lamunin ba, guraben dattawa kuma da yawa ba a cike su ba. Wannan ƙorafi yana cikin dalilan yajin aikin da ya ɓarke ranar 1 ga Yuli, 1971, wanda bai ƙare ba sai a Fabrairun 1972.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa ɓangarorin biyu sun amince da inji, kowa da lissafinsa. Kamfani ya sayi 'yancin sarrafa aiki na dindindin, ƙungiya ta karɓi kuɗi na ƙayyadajjen lokaci. Wanda bai sami wakili a teburin ba shi ne matashin da bai riga ya shiga aikin ba. Muna ganin a nan ya kamata masu nazarin tarihin ƙwadago su ƙara zurfafa bincike.