Jirgin Ƙasa da Manoman Makoda

Ya ku 'yan makaranta, kowa a cikinku ya san yadda yaro ke son kallon jirgin ƙasa. Da ya ji kukansa daga nesa sai ya yar da abin da ke hannunsa, ya sheƙa bakin dogo, ya tsaya yana ƙidaya taragu har na ƙarshe ya wuce. Manya ma haka suke, sai dai su kunya ke hana su gudu. To, kallo iri biyu ne. Akwai na mai buɗe baki kawai, akwai kuma na mai tambaya, wanda in ya ga abu sai ya nemi sanin mafarinsa. Irin na biyun nan muke so ku koya, shi ya sa za mu ba ku labarin jirgi da mutanen Makoda.

Wanda ya duba taswirar reluwe ta zamanin Turawa ba zai ga sunan Makoda a kanta ba, ko na Dambatta maƙwabciyarta. Duk da haka da wuya a sami gona a wannan yanki na arewacin Kano wadda jirgi bai taɓa ta ba. Ga yadda abin ya faru.

A shekarar 1907 aka aiko Gwamna Girouard ya riƙi ƙasar Arewa. Shi mutumin Kanada ne, asalin sana'arsa kuwa shimfiɗa dogo. A shekarar nan aka fara aiki daga Baro, a bakin kogin Kwara, aka nufo Kano, tafiyar mil 350 da 'yan kai. Dubban lebura suka yi ta sarar daji da haƙa da ɗaukar ƙasa a ka, waɗansu da son ransu, da yawa kuwa sarakuna ne suka tara su bisa umurnin Turawa. A 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, dogo ya iso Kano, a 1912 aka buɗe hanya ga 'yan kasuwa. A Minna aka haɗa ta da wadda ta taso daga Ikko, sai dai a Jabba jirgin ruwa ke ƙetarar da taragu har 1916, sa'ad da aka gama gada.

Turawa auduga suka sa wa rai, domin masaƙun Ingila na bukatarta. Ashe manomi ya fi su lissafi. Audugarsa tana da masu saye a gida, watau masaƙan Kano, gyaɗa kuwa tana son jigawa irin ta arewacin Kano, ba ta gajiyar da ƙasa, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cinta. Kamfanonin Turawa suka ba fataken goro jari, irin su Alhassan Ɗantata da Umaru Sharubutu, su kuma suka baza yaransu ƙauyuka suna saye. Gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000.

Ta nan jirgi ya shigo Makoda ba tare da dogo ba. Da kaka ta yi sai a ɓare gyaɗa, a ɗura a buhu, a laɓta wa jakuna da takarkarai da raƙuma, a kama hanyar Kano, tafiyar kusan kwana biyu. Can a ɗora bisa sikeli, mutum ya karɓi kuɗinsa, ya biya haraji, ya sayo gishiri da kananzir da ƙyalle. Daga baya motoci suka karɓi aikin dabbobi. Amma kada ku zaci alheri ne zalla. Damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwa mai tsanani a 1914 wadda ta kashe mutane da yawa a ƙasar Kano. Magabata suka riƙe darasin nan, cewa kome kyan farashin gyaɗa, a fara cika rumbu da gero da dawa tukuna.

Zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka ja wani reshe daga Kano zuwa gabas, ya bi ta Zakirai da Ringim da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930. A irin waɗannan ƙananan tashoshi ne mai son kallo ke more idonsa, domin kome a fili yake. Dogon guda ɗaya ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, saboda haka jirage biyu ba su iya wuce juna sai a tasha, inda aka yi wani ɗan reshe a gefe. Ɗaya ya raɓe ya jira, ɗaya ya wuce. Direba ba ya tashi sai mai tasha ya yi waya da na gaba, ya tabbata hanya ba kowa, sa'an nan ya ba shi izni. Kan jirgi na wancan zamani da kwal yake aiki, wanda ake haƙowa a Inugu, ga shi da shan ruwa, shi ya sa ake gina tanki a kan hanya.

Da damina tasha shiru take, mutane duk suna gona. Ciyawa ta rufe gefen dogo, gero ya yi kore har bakin shinge, sai 'yan talla da awaki a gindin bishiya. Jirgi ya zo, wuri ya ruɗe na ɗan lokaci, ya tashi, shiru ya dawo. Da kaka kuwa sai ka rasa wurin sa ƙafa don buhuna da 'yan dako. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gyaɗa ta fi ƙarfin taragu, aka yi ta jibge ta a Kano ana jiran jirgi. Dalar gyaɗa da kuke gani a hotuna, ban da albarkar noma, shaida ce kuma ta ƙarancin jirage. Fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya cinikin, man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, motoci suka ƙwace kaya, tashoshi da yawa suka zama kufai.

Yanzu sai mu zo ga maganar hoto. Yawancin hotunan jirgi na farkon zamani Turawa ne suka ɗauka, abin da ya dame su kuwa shi ne injin da gada da manyan baƙi. Leburan da suka shimfiɗa dogo da manomin da ya cika tarago, in ma sun fito, sai a gefe, ba suna, ba gari. Wannan asara ce babba, gama jikokinsu ba su da hanyar da za su ce ga kakanmu.

A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, aka tsara ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Watau abin da bai zo kusa da Makoda ba a 1911, ga shi an nufo da shi ƙofar gida. Yau kuwa na'urar ɗaukar hoto tana aljihun kusan kowane saurayi, cikin wayarsa.

Saboda haka ga shawararmu. In kun je kallon jirgi, ku fara gai da mai tasha, ku nemi izninsa. Kada ku hau dogo ko ku tsaya dab da shi, gama jirgi ba ya tsayawa nan take kamar keke. In za ku ɗauki mutum, ku tambaye shi ko ya yarda. Ku ɗauki jirgin, ku ɗauki mai ɗora kaya da mai tallan fura da gonar da dogo ya ratsa. Sa'an nan ku rubuta rana da wata da shekara da sunan wurin, domin hoton da ba shi da kwanan wata kamar wasiƙa ce ba sa hannu. Ku kuma zauna da tsofaffin garinku waɗanda suka kai gyaɗa Kano, ku rubuta abin da suka gani tun suna da rai. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ganin da ba a ajiye shi ba, ranar da mai shi ya kau ya tafi ke nan. Allah ya ba ku basira, ya sa ku amfani ƙasarku.