Yadda Kwaɗo Ya Shiga Aji

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare a cikinmu zai tuna ranar da aka jera mana wasu abubuwa a kan tebur, kowanne da harafi a liƙe: A fara, B ganyen mangwaro, C ƙashin akuya. Aka ce mu duba, mu zana, mu sa wa sassan suna. Muna ɗauka da haka aka halicci darasin bayoloji, alhali al'adar shekararta ɗari da hamsin ne da 'yan kai, kuma an san inda ta samo asali.

A Ingila ta shekarun 1860, gwamnati na biyan malamin kimiyya ne gwargwadon yawan ɗalibansa da suka ci jarrabawa. Kowa ya san abin da irin wannan tsari ke haifarwa: hadda. Yaro zai zayyano maka ɗakunan zuciya da jijiyoyinta tiryan-tiryan, amma bai taɓa riƙe zuciyar ko rago a hannunsa ba. Thomas Henry Huxley na cikin masu duba takardun jarrabawar, don haka ya ga matsalar da idonsa, ya kuma gane cewa malaman su ma daga littafi suka haddato. Sai ya fara da su. A 1871 ya tara malaman makaranta a unguwar South Kensington ta Landan don kwas na 'yan makonni, a 1872 kuma aka koma sabon gini mai ɗakin gwaje-gwaje. Da safe Huxley ya yi lacca, daga nan kowa ya zauna gaban madubin ganin ƙananan halittu da wuƙarsa, ya nemo abin da aka faɗa masa. Gani ya kori ji.

Dabarar da ya zo da ita ce ta fi ba mu sha'awa. Halittu ba su ƙirguwa, ba wanda zai feɗe su duka. Sai ya zaɓi 'yan kaɗan, kowace ta wakilci danginta: yis ɗin da ke kumbura burodi, amiba, fumfuna, tsiron wake, jatan landen kogi, sannan kwaɗo a madadin masu ƙashin baya. Wanda ya san cikin kwaɗo sosai, ya riga ya sami hanyar fahimtar cikin kansa. A 1875 shi da Henry Newell Martin suka mayar da kwas ɗin littafi, shekara guda bayan haka Martin ya tafi Jami'ar Johns Hopkins a Amurka da tsarin a jakarsa. Masu son ƙagaggun labarai za su so jin cewa H. G. Wells ya zauna a ajin Huxley a 1884, har ma ya wallafa littafin koyar da bayoloji kafin ya yi suna a adabi.

A can Amurka kuwa akwai Louis Agassiz na Harvard, wanda a 1873 ya buɗe makarantar bazara a tsibirin Penikese, akasarin ɗalibanta malamai. Wani almajirinsa, Samuel Scudder, ya ba da labarin yadda Agassiz ya ajiye masa mataccen kifi guda, ya bar shi da shi kwanaki yana ta dubawa, ba littafi, ba bayani. Abin dariya, Agassiz bai yarda da ra'ayin Darwin ba, Huxley kuwa shi ne babban mai kare shi, amma a kan yadda za a koyar bakinsu ɗaya.

To, sai dai hadda ba ta mutuwa da sauƙi. Da feɗe kwaɗo ya shiga manhaja, ya zama abin jarrabawa, sai ɗalibai suka koma haddace zanen kwaɗon. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta tsorata cewa an bar ta a baya, aka kafa shirin BSCS a 1958 don sake fasalin bayoloji na sakandare. Ingila ta biyo da shirin Nuffield a 1962. Ƙorafin da suka zo gyarawa kusan shi ne na Huxley: yaro yana bin umarnin littafi mataki-mataki don ya isa ga amsar da ya riga ya sani. Suka so ya yi tambaya, ya shirya gwaji, ya auna, ko da sakamakon zai saɓa da abin da ake tsammani.

Mu ta hannun Turawan Ingila muka gaji tsarin, kuma hukumar WAEC da aka kafa a 1952 ta riƙe takardar aikin hannu a bayoloji. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: a makarantu da dama ba a buɗe ɗakin gwaje-gwaje sai jarrabawa ta ƙarato, wasunmu ranar ce suka fara taɓa gilashin gwaji. Akan ce rashin kuɗi ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai in muka sake duba jerin Huxley, kwaɗi na cika kududdufan bayan makaranta da damina, burodi na yin fumfuna da kansa, wake kuma na tsirowa a gwangwani cikin kwana uku zuwa huɗu. Madubin ne mai tsada, shi ma a 2014 Manu Prakash da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun fito da na takarda, Foldscope, wanda kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba.