Guguwar Rana da Kogin Lantarkin da ke Saman Kujama

Tsakure

Wannan maƙala ta duba zaman Kujama, hedikwatar ƙaramar hukumar Chikun a jihar Kaduna, a ƙarƙashin ikwaitar maganaɗisu, da abin da hakan ke jawowa idan guguwar rana ta taso. An dogara ne da binciken da masana suka riga suka wallafa. Maƙalar ta nuna cewa ɓarnar guguwar a wannan yanki ta fi shafar layukan wuta da rediyo da na'urorin GPS, jikin ɗan'adam kuwa yana cikin kariya.

Gabatarwa

Rana kan yi aman iska mai ɗauke da lantarki, wadda ke isowa duniya cikin kwana ɗaya zuwa uku. Maganaɗisun duniya ne ke tare yawancinta, ya karkatar da saura zuwa ƙuryar arewa da ta kudu. Shi ya sa tarihin ɓarnar ya fi yawa a ƙasashe masu sanyi: wayar tangaraho ta rikice a Satumbar 1859, lardin Kwibek na Kanada kuma ya shafe awa 9 babu wuta ranar 13 ga Maris, 1989. Daga nan aka daɗe ana ɗauka cewa Afirka ba ta cikin wannan lissafi, har sai da guguwar Oktoban 2003 ta lalata manyan taransfomomin kamfanin Eskom a Afirka ta Kudu.

Matsayin Kujama

Ikwaitar maganaɗisu ita ce inda allurar kamfas, in an rataye ta ta tsakiya, take kwanciya daidai ba ta sunkuya ba. A Nijeriya wannan layi yana ratsawa ne wajen digiri 10 zuwa 11 a arewa, Kujama kuwa tana kusan digiri 10 da rabi. Kimanin kilomita 105 a sama da layin, akwai kogin lantarki mai faɗin kusan kilomita 600 da ke kwarara zuwa gabas a lokacin rana, ya fi ƙarfi da tsakar rana, ya lafa da dare. An fara lura da alamunsa a tashar Huwankayo ta ƙasar Peru, Sydney Chapman ya raɗa masa suna ilektirojet a 1951. Nijeriya ta taka rawa a nazarinsa: Cyril Onwumechili ya yi aikinsa a Ibadan, ya kuma wallafa littafi guda a kansa a 1997, Rosemary Hutton kuma ta koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a shekarun 1960.

Tasiri

A 2015 Brett Carter da abokan aikinsa suka nuna cewa idan iskar rana ta bugi maganaɗisun duniya farat ɗaya, wannan kogi yana ninka girgizar a ƙasashen da ke ƙarƙashinsa, ko da guguwar ba babba ba ce. Sauyin maganaɗisu cikin sauri yana haifar da lantarki a cikin ƙasa. Ƙasar Kaduna kuwa zaune take a kan tsohon dutse mai tauri wanda lantarki ba ya ratsawa da sauƙi, don haka sai ya nemi hanya ta dogayen ƙarafa, irin layukan kilobolt 330 da suka haɗa Shiroro da Mando da Jos, da bututun matatar mai ta Kaduna. Idan ya shiga taransfoma yana sa ta zafi, ya rage mata kwana a hankali. Sai dai kada a ɗora wa rana laifin kowace ɗaukewar wuta. Tsufan kayan aiki da ƙarancin gas sun isa su bayyana mafi yawansu.

Bayan magariba kuma wata matsalar ce. Iskar can sama takan yamutse, ta wargaza saƙon taurarin ɗan'adam, musamman a Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba. Safiyon da ke auna fili da GPS a irin wannan lokaci zai ga lambobin na'urarsa suna rawa. Mai sauraron gajeren zango ma yakan ji tasha ta ɓace masa da rana tsaka idan rana ta yi tartsatsi, domin haskensa minti 8 kacal yake yi a hanya.

Game da lafiya, a kusa da ikwaita ne maganaɗisu ya fi tare burbushin da ke zuwa daga sararin samaniya, ga kuma kaurin iska a kanmu. Manomi a gonarsa ta Kujama ba shi da abin fargaba ta wannan fuska.

Shawara

Na'urorin auna maganaɗisu na MAGDAS da Jami'ar Kyushu ta Japan ta kafa a Legas da Ilori da Abuja duk suna kudu da layin. Ya dace Cibiyar Binciken Sararin Iska ta hukumar sararin samaniya ta Nijeriya, NASRDA, da ke Anyigba ta haɗa kai da jami'o'in jihar Kaduna a girka na'urar auna maganaɗisu a Kujama, a kuma maƙala ma'auni a wayar da ta haɗa taransfomomin Mando da ƙasa, domin a riƙa gwada bayanan biyu daƙiƙa da daƙiƙa.